Mantuwa Bayan Taɓin Hankali: Ko Wasan Waya Zai Taimaka?

 

Kwanakin baya wata uwa ta kawo ɗanta karɓar magani. Shekara biyu ke nan yana sha. Ya daina jin muryoyi, ya daina fita da tsakar dare, yana barci lafiya. Duk da haka uwar ba ta saki fuska ba. Ta ce mini, "Malama, ciwon ya lafa, amma yaron bai dawo yadda yake ba. In na aike shi ya sayo gishiri da manja da sabulu, sai ya dawo da gishiri kaɗai, canjin ma bai san inda ya sa ba. Babansa ya ce raini ne." Sai ƙanen mara lafiyar, wani ɗan makaranta, ya zaro waya ya nuna mini tallar wani wasa da aka ce yana gyara ƙwaƙwalwa. Ya ce, "In muka saya masa wannan, zai iya barin ƙwayoyin?"

Na san akwai gidaje da yawa masu irin wannan tambaya. Amsar a taƙaice ita ce: mantuwar ba raini ba ce, tana cikin ciwon. Wasan waya yana iya taimakawa kaɗan in an bi hanyar da ta dace. Amma ba ya zama a madadin magani, ba ya kuma zama a madadin mutum. Ga bayanin dalla-dalla.

Wane ciwo ne wannan?

Taɓin hankali iri-iri ne. Wanda muke magana a kai shi ne wanda likitoci ke kira sikizofireniya. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Eugen Bleuler ne ya raɗa masa sunan a 1908. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kamar mutum 1 cikin 300, wato kimanin mutum miliyan 24 a duniya. Yakan fara daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da wani abu, kuma yakan kama maza da wuri fiye da mata. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya, ba kuma hukunci ba ne a kan mara lafiyar ko iyayensa.

Alamunsa kashi uku ne. Na farko kowa yana ganinsu: jin muryoyin da babu mai yinsu, tsananin zargi cewa ana binsa ko ana son sa masa guba, da magana marar kan gado. Na biyu su ne abubuwan da ciwon ke ragewa: mutum ya daina fara'a, ya daina hira, wanka ma sai an matsa masa. Na uku su ne waɗanda aka fi yi wa mummunar fahimta, wato raunin tunawa da mai da hankali da tsara aiki.

Yadda mantuwar take

Yawancin masu wannan ciwo suna da wannan rauni, wani kaɗan, wani da yawa. Sau da yawa yakan fara tun kafin muryoyin su bayyana. Shi ya sa in muka tambayi iyaye, sukan ce yaron ya fara ja da baya a makaranta shekara ɗaya ko biyu kafin ciwon ya fito fili. Yakan kuma zauna ko bayan muryoyin sun yi shiru.

Ku lura da waɗannan:

Riƙe abu a ka na ɗan lokaci yana yi masa wuya. Yana cikin ƙirga canji sai kuɗin kayan ya kuɓuce masa.

Sabon abu ba ya zama. An gaya masa ranar komawa asibiti, kafin a isa gida ta ɓace. Ya ajiye mabuɗi, bai san inda ya sa ba.

Yana manta abin da ya yi niyyar yi, kamar shan magani da dare ko ba awaki ruwa.

Hayaniya tana raba masa hankali. In rediyo na magana, yara na kuka, ku kuma kuna ba shi saƙo, saƙon ba zai shiga ba.

Aiki mai matakai da yawa yana rikita shi. Ya san yadda ake dafa shayi, amma ya rasa ta inda zai fara.

Abin da ya iya tun da daɗewa yawanci yana nan. Ya san 'yan'uwansa, ya san hanyar gona, ya iya riƙe fartanya. Wannan mantuwa ba irin ta tsufa ba ce da ke cin mutum shekara bayan shekara har ya kasa gane 'ya'yansa. Mai sikizofireniya yana iya koyo, sai dai a hankali, da maimaitawa.

Me ya sa muke damuwa da ita haka? Domin masu bincike sun gano cewa ita ce ta fi hana mara lafiya komawa aiki ko makaranta ko kasuwa, fiye ma da muryoyin. Akwai kuma wani haɗari. Wanda ke mantuwa yakan manta maganinsa, kuma wanda ya daina shan magani ciwon yakan dawo masa.

Me maganin asibiti ke yi?

An fara ba masu taɓin hankali Largactil a birnin Paris a 1952. Daga baya aka sami Haldol da sauransu. Waɗannan magunguna suna kwantar da muryoyi da zargi da fizge-fizge, suna kuma hana ciwon dawowa. Amma ba su cika taɓa mantuwa ba. Har yanzu babu ƙwaya ko allura da aka tabbatar tana gyara ta. Duk wanda ya tallata muku kwalba a kasuwa ya ce ta buɗe ƙwaƙwalwa ce, ku riƙe kuɗinku.

Wasu magunguna ma suna ƙara mantuwar. Ƙwayar Artane, wadda ake bayarwa don rawar hannu da sandarewar jiki, tana dushe tunawa, musamman in ta yi yawa. Haka ma Valium. Kada ku daina ko ku rage da kanku. Ku zo da duk magungunan da mara lafiya ke sha, har da waɗanda aka saya a tebur, mu duba tare. Wani lokaci gyaran awon magani kaɗai yakan kawo sauƙi.

Tun da babu ƙwaya, sai masana suka koma ga horar da ƙwaƙwalwa, wato a riƙa sa ta aiki a kai a kai kamar yadda muke sa mai karaya ya riƙa motsa ƙafa bayan an kwance ɗauri. Da farko da takarda da fensir ake yi, sannan da kwamfuta, yanzu kuma da manhajar waya.

Wasan da aka gwada a Kambirij

A 2015 Farfesa Barbara Sahakian da abokan aikinta a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun haɗa wasa mai suna Wizard, wato mai sihiri, wanda ake yi a kan iPad. Kada sunan ya tsorata ku. Babu tsafi a ciki, labari ne kawai aka yi wa wasan ado da shi don kada ya gunduri mai yi. Masu ciwon da kansu suna cikin waɗanda suka ba da shawara wajen haɗa shi.

Aikin da ke cikin wasan shi ne tuna inda aka ga kowane zane. Ana nuna zane a wani wuri a fuskar na'urar, a rufe, daga baya a ce ka nuna inda yake. In ka ci, sai a yaba maka a ƙara yawan zanen. Irin tunawar da mutum ke buƙata ke nan don ya san inda ya ajiye mabuɗi.

Mutum 22 masu sikizofireniya aka ɗauka, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya suka yi wasan na awa 8 cikin mako 4. Ɗaya kashin suka ci gaba da jinyarsu yadda suka saba. Da aka auna su a ƙarshe, waɗanda suka yi wasan sun rage kuskure wajen tuna wurin zane, makinsu kuma ya ƙaru a ma'aunin yadda mutum ke tafiyar da harkokin yau da kullum. Sun ce sun ji daɗin wasan, kuma waɗanda suka fi ɗoki su ne suka fi ci. Wannan abin lura ne, domin rashin ɗoki yana cikin alamun ciwon. Daga baya aka sa wasan cikin wata manhaja mai suna Peak.

Kafin a yi murna

Labari ne mai daɗi, amma ku auna shi. Mutum 22 ba su cika ajin makaranta ɗaya ba. Mako 4 kuma gajeren lokaci ne ga ciwon da ake zama da shi shekaru. Jarrabawar da aka auna su da ita ta yi kama da wasan da suka yi. Wasan kuma ƙari ne a kan jinya, ba a madadinta ba.

Akwai wani gwaji da ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. Gidan BBC ya haɗa kai da wani masani mai suna Adrian Owen, suka gwada wasannin motsa ƙwaƙwalwa a kan mutum 11,430 masu lafiya har mako 6, aka fitar da sakamakon a 2010. Mutanen sun ƙware a wasannin da suka yi ta maimaitawa. Amma da aka ba su wasu ayyukan da ba su yi horo a kai ba, ba su fi sauran mutane ba. Wanda ya ƙware a dara, a dara ya ƙware. Ba shi ke nuna zai tuna saƙon kasuwa ba.

Masu talla kuwa sukan wuce gona da iri. A 2016 hukumar kula da ciniki ta gwamnatin Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya biya dalar Amurka miliyan 2, saboda ya yi ta cewa wasanninsa suna ƙara ƙoƙari a makaranta da wurin aiki, suna kuma kare mutum daga mantuwar tsufa, alhali ba shi da hujjar da ta isa.

Abin da ke sa horo ya yi amfani

To, horon banza ne ke nan? A'a. A 2011 Farfesa Til Wykes ta Landan da abokan aikinta suka tattara gwaje-gwaje 40 da aka yi a kan masu sikizofireniya 2,104. A 2021 kuma Farfesa Antonio Vita na Italiya da nasa abokan suka tattara gwaje-gwaje 130 a kan mutum 8,851. Duka biyun sun nuna horar da ƙwaƙwalwa yana da amfani. Amfanin ba mai yawa ba ne, amma na gaske ne. Sun kuma nuna abubuwan da ke ƙara shi, kuma nan ne zan so ku buɗe kunne.

Na ɗaya, a sami mutumin da aka koya wa aikin yana zaune tare da mara lafiyar, yana ƙarfafa shi.

Na biyu, a koya masa dabara, ba maimaitawa kaɗai ba. Misali ya riƙa faɗin abu da baki sau uku, ko ya haɗa abubuwa masu kama da juna wuri ɗaya a kansa.

Na uku, a haɗa horon da aikin gaske, kamar sana'a ko karatu ko aikin gida.

Kun ga ke nan ba na'urar ce ke da muhimmanci ba. Waya ba ta san ɗanku ba, ba ta kuma raka shi kasuwa. A garuruwanmu masu wannan horo na musamman sun yi ƙaranci, amma ɗan'uwa mai haƙuri yana iya koyon abubuwa da yawa a wurinmu ya je ya yi a gida.

In kuna da babbar waya

Ku fara shawara da ma'aikacin asibiti. A jira sai ciwon ya lafa, mara lafiya yana barci yana shan magani.

Ku tambaye shi ko yana so. Wasu marasa lafiya suna zargin cewa ana leƙensu ko ana yi musu magana ta waya. Irin wannan kada a tilasta masa, domin tsoronsa zai ƙaru.

Ku zaɓi wasan da ke da hotuna fiye da rubutu, tun da yawancinsu da Turanci ko Faransanci suke. Ya zama yana farawa da sauƙi, yana ƙara wuya a hankali.

Ku fara da na kyauta. Wasu sukan ba da ɗanɗano, sannan su riƙa cire kuɗi kowane wata. Kada kuɗin magani ya tafi a sayen data. Kada ku ba kowace manhaja lambar sirri ta asusun kuɗinku.

Ku yi hattara da caca. Duk wasan da ya ce a sa kuɗi don a ci kuɗi, caca ce, ba horo ba.

Minti 20 zuwa 30 ya isa, sau uku ko huɗu a mako, da rana. Waɗanda aka gwada a Kambirij ma awa 2 kawai suke yi a mako. Wayar dare tana hana barci, rashin barci kuwa yana ƙara mantuwa, yana kuma iya tayar da ciwon.

Wani ya zauna kusa da shi. In an gama, ku tambaye shi, "Yaya ka yi ka tuna?" In ya ce ya riƙa faɗa a ransa, ko ya fara daga hagu zuwa dama, to dabara ce ya samu. Ita ce za ku ɗauka ku kai wajen aikin gida.

In babu babbar waya

Ba ku yi asarar komai ba. Ku sami ƙoƙuna ko kofuna huɗu iri ɗaya, da ƙananan abubuwa kamar goro, mabuɗi, ashana da gyaɗa. Ku fara da abu biyu. Ku nuna masa kuna kife ƙoƙo a kan kowanne, ku ɗan jira, sannan ku ce, "Ina mabuɗi?" In ya ci sau uku a jere, ku ƙara abu ɗaya. In ya fara faɗuwa, ku rage. Wannan ba shi ne wasan Kambirij ba, amma aikin da yake sa ƙwaƙwalwa iri ɗaya ne, wato haɗa abu da wurinsa. Ku karɓa ku ma ya ɓoye muku, don kada ya ji kamar jarrabawa ake yi masa ko an mai da shi yaro.

Dara da ludo da kacici-kacici su ma suna sa mutum mai da hankali, suna kuma fito da shi cikin mutane. Bayan labaran rediyo, ku ce ya faɗa muku abu biyu da ya ji. Ku riƙa tafiyar ƙafa tare ko aikin gona daidai ƙarfinsa, domin bincike ya nuna motsa jiki a kai a kai yana taimaka wa tunanin masu wannan ciwo.

Daga wasa zuwa aikin gida

Nan ne ribar take. Ku gwada waɗannan:

Ku kashe rediyo, ku kira sunansa, ku bari ya dube ku kafin ku ba shi saƙo. Saƙo ɗaya a lokaci ɗaya. Ku ce ya maimaita muku.

Aiken kasuwa a fara da abu ɗaya. In ya saba, a ƙara na biyu. A koya masa kasa su kashi-kashi: kayan miya biyu, kayan wanka ɗaya. In ya iya karatu a rubuta masa. In bai iya ba, a ba shi kwalbar manjar da ta ƙare da takardar sabulu ya tafi da su.

Kowane abu ya sami wurinsa. Mabuɗi a ƙusa ɗaya, katin asibiti a jaka ɗaya, kullum.

A ɗaura shan magani da abin da ba ya wucewa, kamar abincin dare ko addu'ar kwanciya. Ƙaramar waya ma tana da ƙararrawa, a saita ta. A sa tsakuwa bakwai a gwangwani, duk ranar da ya sha a mai da ɗaya cikin wani gwangwanin. Maganin kansa a ajiye shi inda yara ba za su kai ba.

Babban aiki a yanka shi ƙanana. Maimakon "je ka kula da awaki", a ce "ɗebo ruwa". In ya kawo, a ce "zuba musu".

In ya manta, ku tuna masa kawai. Tsawa da gori da duka ba sa dawo da tunawa. Likitoci sun daɗe da lura cewa ciwon ya fi saurin dawowa a gidan da ake yawan kushe mara lafiya. In ya yi daidai, ku yaba masa a take.

Kai kuma mara lafiya, kada ka ji kunyar cewa, "A sake faɗa mini." Ka nisanci wiwi da tramol da giya, domin suna ƙara dushe tunani, suna kuma iya tayar da ciwon.

Yaushe za ku zo asibiti?

Ku zo a ranar, kada ku jira, in mara lafiya ya rikice farat ɗaya bai san inda yake ba, musamman in akwai zazzaɓi, sandarewar wuya ko jiki, farfaɗiya, ko ya bugu a ka. Wannan ba mantuwar da muke magana a kai ba ce. Yana iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau, ko illar magani. Haka kuma in ya yi maganar kashe kansa ko cutar da wani, kada a bar shi shi kaɗai, a kawo shi.

Ku zo cikin mako in ya daina barci, ko muryoyi sun dawo, ko ya ƙi magani, ko mantuwar tana ƙaruwa da sauri, ko yana yini yana gyangyaɗi. Za mu duba jininsa da awon maganinsa, mu kuma duba ko baƙin ciki ne ya danne shi, domin shi ma yana kawo mantuwa kuma yana da magani.

Mutanen gidan da na ba ku labari ba su sayi wasan ba. Ƙanen ya sauke wani na kyauta, suna yi tare da la'asar, ranar da babu caji kuma su kife ƙoƙuna. Likita ya rage wa saurayin Artane. Da suka dawo bayan wata uku, uwar ta ce har yanzu yana mantuwa, amma yana kawo abu uku daga kasuwa in an kasa masa su, kuma shi ke ba awaki ruwa. Na roƙi mahaifin ya zo da kansa, muka zauna na yi masa wannan bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce da ya sani da bai riƙa yi wa yaron tsawa ba.

Sannu ba ta hana zuwa. Ku ci gaba da ba da magani, ku riƙa zuwa a ranar da aka rubuta a kati, ku zo da tambayoyinku. In kun san gidan da ke da irin wannan mara lafiya kuma babu mai karatu, ku karanta musu.

Allah ya ƙara sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri.